Yadda Za Ka Sa Marasa Lafiya Cikin Bincike Ba Tare Da Sun Dame Ka Ba

Ɗan'uwa, in ka samu aiki a furoje, wato shiri na binciken lafiya, kuma masu ba da kuɗi sun rubuto cewa dole a tafi da marasa lafiya a matsayin abokan aiki, a zauna da su, a ji ta bakinsu, kada hankalinka ya tashi. Ka zo wurin gwani. Sunana Aƙilu, haifaffen Madawa, shekara goma sha ɗaya ina tafinta tsakanin likitocin Yamai da mutanen ƙauye, tun daga Urno har bayan Keita. Na yi furoje na tamowa, na yi na sauro, na yi na wankin hannu. Wanda zan koyar da kai da shi na hawan jini ne, abin da mutanenmu ke ce wa tansiyo.

Ga alkawarina. Ka bi matakan nan bi da bi, za ka samu kwamitin marasa lafiya mai kyau a hoto, mai daɗi a rahoto, wanda ba zai canza maka ko wasali ɗaya ba cikin abin da ka riga ka shirya. Ni da kaina na gwada. Wata bakwai cur yana aiki.

1. Zaɓi mara lafiya mai lafiya

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, shi ya sa mai hankali ba ya kiran mai ɗaki wurin da ake maganar rufi. Amma tunda an tilasta maka, zaɓi da lura.

Kada ka ɗauki wanda ciwo ya kayar, sa shi a mota aiki ne. Kada ka ɗauki tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, zai ce a ba shi takardu ya je gida ya karanta. Nemi masu kunya, masu ganin girman baƙo, waɗanda in an zuba musu shayi sai sun yi godiya sau uku.

Ni mutum tara na tara, amma uku ne ginshiƙaina. Na farko Malam Isaka, ladanin wani masallaci a Tama, dattijo mai garkar albasa a fadama, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a kiran salla. Ta biyu Indo ta Sabon Gida, mai sayar da wake da ƙuli-ƙuli a kasuwanni. Na ɗauke ta ne don takarda ta ce dole a samu mace. Na uku Baba Zali, daga wani ƙauye a bayan Keita, dogo, baƙi, kullum amawalin rawaninsa a kan baki. Ranar da na je rubuta sunansa na yi masa tambaya goma, ya amsa da kai sau tara. Na ce a raina, da irinsa tara na samu da na huta.

2. Gama komai kafin ka nemi shawara

Shugabar bincikenmu Lokotoro Munira ce, likita 'yar Yamai, ta yi karatu a waje. Hausarta ta gaisuwa ce da cinikin tumatir, in mutumin Adar ya saki baki sai ta juyo ta dube ni. Mace ce mai kirki, kuma da gaske take son jin abin da marasa lafiya za su ce. Irin wannan shugaba ita ce mai haɗari, ka sa mata ido.

Sa'ar da na yi, kafin a kafa kwamiti an riga an rubuta komai. Tambayar binciken: me ya sa masu tansiyo ba sa shan maganinsu kullum? Amsar ma an riga an hango ta: mantuwa. Maganin mantuwar: saƙo ta salula kowace safiya. Takarda shafi sittin, ta bi ofis huɗu a Yamai, kowane ya buga mata hatimi. In aka taɓa layi ɗaya sai ta koma ta sake bin ofisoshin, furoje ya tsaya, kai kuma ka koma zaman majalisa ƙofar gida.

Don haka riƙe wannan: shawarar talaka kamar gishiri ce, bayan an sauke tukunya ake barbaɗa ta. Mai tansiyo kuwa dama an hana shi gishiri.

3. Hoto kafin magana

Raba riguna da hulunan kaskat masu sunan furoje tun a ƙofa. Jera su a ɗauki hoto kafin a buɗe taro, lokacin fuskoki na sake. Sa mace a tsakiya, mai rawani a gefe inda haske ke faɗa masa.

Teburin manya ya samu ƙyalle da ruwan gora. Abokan aiki su zauna a benci, ɗan nesa kaɗan, yadda duk wanda zai yi magana sai ya miƙe tsaye gaban jama'a. Miƙewar kaɗai tana kashe rabin ƙorafi.

4. Ka zama kai ne ƙofa

Wannan shi ne zuciyar sana'ar. A yi taro da Faransanci, kai kaɗai ne tafinta. Duk abin da zai tashi daga benci zuwa tebur ta bakinka zai bi.

Taronmu na farko a Madawa aka yi, bayan kaka. Lokotoro ta yi bayani, na juya. Ta ce ita ba ta zo koyar da kowa ba, su ne masu ciwon, su ne malamanta, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ke hana shi shan magani. Wannan ma na juya shi daidai, don ban zaci wani zai ɗauka da gaske ba.

Malam Isaka ya miƙe. Kaskat ɗin na hannunsa, bai sa ba.

Ya ce, "Ɗiyata, tunda kin ce mu hwaɗi gaskiya, zan hwaɗi, ko da akwai kunya ciki. Ni ban taɓa mance maganin ga ba. Wanda ke tada gari salla shekara talatin ba shi mance ƙwaya guda. Amma 'yar ƙaramar hwarar nan, in na sha ta da sahe, kahin azahar sai na ɗauki buta sau takwas. Alwalla ba ta zama. Ran Juma'ar da ta wuce ina sahun gaba, an kabbarta, sai da na ratsa mutane na hita. Wata rana ma ban kai ba."

Indo ta sunkuyar da kai, sauran mazan kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ya ci gaba, "A gidan likita wadda ke ba da maganin sa'ar jikata ce, ban iya buɗa mata baki da wanga zance. Shi ya sa na kawo shi nan. Akwai wata irin da ba ta yin haka? In akwai a ba ni. In babu a hwaɗa min, in san yadda zan yi da sallata."

To ɗalibi, ga jarrabawa. Dubi abin da ke gabanka. Maganar fitsari ce, daga bakin dattijo, zuwa kunnen mace baƙuwa. Ba ta cikin shafi sittin. Kuma in gaskiya ce, to ba mantuwa ke damun mutane ba, saƙon salula ya zama aikin banza. Gwani ba ya ƙarya, ƙarya ta 'yan koyo ce. Gwani yana tace magana ne kamar yadda ake tace koko.

Na juya na ce wa Lokotoro, "Malam ya ce bai taɓa manta maganinsa ba ko sau ɗaya. Ya ce yana jin aikinsa a jikinsa har sau takwas kafin azahar, kuma ko a masallaci yana tunawa da shi."

Fuskarta ta washe. Ta yi dariyar jin daɗi, ta tafa hannu, na kan tebur suka taya ta. Ta ce da Hausarta, "Madalla, Baba. Madalla."

Malam Isaka ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ajiye kaskat ɗin a kan benci ya zauna.

5. Koyi faɗin "an rubuta"

Bayan taro wasu za su biyo ka wurin mota. Kada ka gudu, kada kuma ka tsaya da yawa.

Malam Isaka ya same ni ina loda kujeru. Ya ce, "Aƙilu, mi ta ce?"

Na ce, "An rubuta, Malam. Za a duba a Yamai."

"To dariyar fa?"

"Haka mutanen Yamai suke, Malam. Kada ka sa a rai."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ka ga amfanin kalmar. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa Yamai ya tambayi inda aka rubuta.

Bayan wata uku muka yi taro na biyu a Buza. Tama ba nisa, amma Malam Isaka bai zo ba, ya aiko cewa yana ban ruwan albasa. Na sa masa alamar uzuri. Wannan karon Indo ce ta miƙe, ta gyara mayafi.

Ta ce, "Ni ba ni da salula. Ranar da kunka zo rubuta suna kun ce dole sai da lamba, na ba ku ta maigida. Maigida na Abijan wurin bidar kuɗi. Kullum da sahe sai saƙo shi shigo mai da Faransanci, shi kai a karanta mai, a ce mai shi sha magani. Ya kira ƙanena yana tambaya ko mutuwa nike anka ɓoye mai. Wannan guda. Na biyu, abin da Malam ya hwaɗi rannan, ba shi ɗai ba ne. Ni ma ranar kasuwa ba ni shan ta. Ina bisa buhuhuwa a bayan mota, maza goma kewaye da ni, in ce ma direba shi tsaya in yi mi? Kasuwa huɗu nike ci a sati. Ku lissafa."

Na ce wa Lokotoro, "Ta ce saƙonmu ya ƙetare iyakar ƙasa, har a Abijan ana karanta shi, kuma ya sa maigidanta ya ƙara kula da lafiyarta."

Lokotoro ta rubuta, sannan ta ɗago. Ta ce, "Ta daɗe tana magana, kai kuma ka gama da wuri."

In aka yi maka wannan tambaya kada ka yi inda-inda. Ka ce Hausa akwai maimaici. Na faɗa, ta karɓa. Maganar Abijan har ta shiga rahoton wata shida, da manyan baƙaƙe.

6. Wanda ya faɗi, nemo masa layi

Cikin bazara, ana tsakar zafi, Malam Isaka ya gama kiran la'asar, ya juyo zai shiga masallaci, ya faɗi a bakin ƙofa. A amalanke aka kai shi gidan likita, daga can aka wuce da shi Madawa. Ya rayu. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Matarsa Kaltume ta buɗe gafakarsa tana neman katin likita, ta tarar da maganin wata uku a ciki, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Wata guda ya yi yana sha yana jiran amsar Yamai, da ya ga shiru ya zaɓi alwallarsa.

Labari zai iso maka, don ƙasar ba ta da girma. Kada ka rikice. Buɗe takardar bincike, can ƙasa akwai layi da aka tanada mai suna waɗanda aka daina gani. Sa sunansa a nan. Ba ƙarya ka yi ba, in ka daina zuwa inda yake ai ka daina ganinsa.

Shugaba tana Yamai, kada ka ɗaga mata hankali da labarin mutum ɗaya. Dubiya kuma ba ta cikin aikinka. Sau biyu aiki ya bi da mu ta Tama, sau biyu na ce wa direba hanyar ta lalace, mu zagaya. In ka ga tuwo ya daina yi maka daɗi a kwanakin, zafi ne. Sha ruwa da yawa.

7. Shirya mai godiya

A wata na bakwai masu ba da kuɗi suka turo baƙi biyu su ga yadda ake tafiya da marasa lafiya. Aka kama babban ɗaki a Madawa. A irin wannan rana dole wani daga benci ya tashi ya yi godiya. Kada ka bar wa sa'a, zaɓi mutum ka koya masa.

Indo ta cika magana, don haka na zaɓi Baba Zali. Na zaunar da shi a inuwa na koya masa jimla uku: mun gode, an saurare mu, Allah ya ƙara girma. Ya gyaɗa kai sau uku. Na ce ko ya manta ma ba komai, ai ni zan juya.

Da lokaci ya yi na kira sunansa. Ya miƙe a hankali, ya sa yatsa ya sauke amawali. Ran nan na fara ganin bakinsa. Ya haɗa dugadugai, ya miƙe ƙirji, ya buɗe baki da Faransanci.

Faransancin bariki ne, busasshe, ba ado, amma ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Ya faɗi sunansa da lambarsa. Ya ce shekara ashirin da biyu ya yi yana soja, Agadas da Dirku, kafin ya dawo gonar gero. Ya nemi izinin Lokotoro ya ba da rahoto. Sannan ya maimaita abin da Malam Isaka ya faɗa a taron farko, da butar, da sahun gaba, da ranar da bai kai ba, da tambayar da ya yi. Ya maimaita abin da ni na ce Malam ya ce. Ya yi haka da maganar Indo. Ya ce a ƙauyensu mutum shida ya sani masu karɓar ƙwayar suna zubawa a gwangwani, kuma babu mai mantuwa cikinsu. Daga ƙarshe ya ce Malam Isaka yana kwance a Tama wata biyu ke nan, hannu da ƙafa ba sa motsi, in ana son ganinsa ba ɓata ya yi ba, gidansa na bayan masallaci.

Ya ja amawalinsa ya zauna. Babu wanda ya tafa.

Darasi: kafin ka ɗauki mai shiru, tambayi inda ya yi ƙuruciyarsa.

8. In asiri ya tonu, ɗora wa harshe

Ka ce Hausar Adar wuya gare ta. Ka ce akwai kalmomin da ba su da takwara a Faransanci. Ka ce al'ada ba ta yarda a yi maganar bayan gida gaban mace ba. Duk na faɗa, a ofis, bayan baƙi sun tafi. Lokotoro ta bar ni na gama.

Ta ce, "Faɗa mini abin da Malam ya ce. Kalma da kalma."

Na faɗa. Abin mamaki, ban manta ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ni kuma na tafa."

Na ce, "Kin tafa, Lokotoro."

Ta tashi ta fita, ta tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar ofis, ta ba ni baya. Na zauna ina jiran takardar kora. Da ta dawo ta ce kora sauƙi ce. Zan ci gaba da tafinta, amma daga yau Baba Zali zai zauna kusa da ni a kowane taro, kuma teburin manya a fitar da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne duk abin da wannan jagora ke ƙoƙarin kare ka daga gare shi. Shafi sittin suka koma Yamai, aiki ya tsaya wata huɗu. Indo ta sa aka soke tambayar "sau nawa ka manta", aka sa "me ya hana ka sha". Ta ce mata su tambayi mata, maza su tambayi maza, kuma ba a gaban jama'a ba. Aka daina rubutaccen saƙo, aka koma na murya da Hausa, ga wanda ya ce yana so, a lambar da ya zaɓa da kansa. Likitoci suka zauna suka duba, duk wanda ƙwayar ke takura wa aka ga abin da ya dace da jikinsa. Taron da muke gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin yini, kowa da bakinsa.

Wata rana muna jiran mota na ce wa Baba Zali, "Baba, tunda kana ji, mi ya hana ka hwaɗi tun ranar?"

Ya ce, "Soje ba shi gyara ma na gaba da shi magana cikin taro, haka anka koya min. Kuma na ce yaron ga abincinshi yake bida, ba ruwana. Da na ji Malam ya hwaɗi ƙasa, kwana ukku ban iya shan shayi ba." Ya dube ni. "Mu biyu munka kada shi, ɗana. Kai da baki, ni da shiru."

Riƙe wannan magana da kyau, tana da amfani. In an matsa maka, kana iya cewa laifin rabi ne.

9. Kada ka yarda a kai taro gidan mara lafiya

Wannan matakin ni ban iya kiyaye shi ba, shi ya sa nake ja maka kunne.

Indo ce ta kawo maganar. Ta ce, "Malam Isaka ɗan kwamiti ne, ban ji ranar da anka hidda shi ba. In shi bai iya zuwa taro, taro shi tai mai." Kowa ya ce haka ne. Na ce hanya ta lalace. Direba ya ce bai san da wannan ba.

Muka isa Tama da hantsi, farkon damina, gero ya fara rufe ƙasa. Kaltume ta yi mana iso. Malam Isaka na kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfa, an tokare shi da matashi, ya rame. Ya miƙa wa Baba Zali hannun hagu. Ya amsa gaisuwar Indo da kai. Ni ma ya ba ni hannu, har ya ɗan riƙe. Da Lokotoro ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Baba," sai ya juya fuskarsa wajen katanga.

Kaltume ta ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Tun ranar da ya dawo daga taron Madawa ya ce min ya tona ma kanshi asiri gaban mutane, likita ta yi mai dariya har da tahi. Bai sake zancen ba."

Lokotoro ta dube ni. Baba Zali na gefena. Na juya mata yadda aka faɗa.

Lokotoro ta ce, "Ba ni zan gaya masa ba."

Babu inda zan bi. Na matsa bakin tabarma na durƙusa. Na ce, "Malam, ba ta ji ba. Abin da ka hwaɗi rannan bai kai kunnenta ba. Ni na canza shi. Na ce mata kana yabon magani, shi ta yi ma tahi. Kuma ba a rubuta komi ba, babu abin da ya je Yamai."

Kaltume ta ajiye kwanon ruwan da ke hannunta. Malam bai motsa ba. Ina jin kaji na tono a bayan rumbu. Can ya juyo da kai, a hankali, ya dube ni da idon da ke buɗewa sosai. Na so ya zage ni. Bakinsa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito, mai nauyi, kamar na mai magana da ruwa a baki. Na kasa kunne.

Cewa ya yi, "Hwaɗa mata. Yanzu."

Sai ya faro daga farko. Ɗiyata, tunda kin ce mu hwaɗi gaskiya. Kalma ɗaya, ya huta, Kaltume ta goge masa gefen baki, wata kalmar. Abin da ya faɗa cikin minti uku a Madawa ya ɗauke shi kusan awa guda. Ina juyawa, Lokotoro na durƙushe ba ta gyara zama ba, Baba Zali bai gyara mini ko harafi ba. Har ya kai ga tambayarsa: akwai wata irin da ba ta yin haka?

Lokotoro ta amsa. Gajeriyar amsa ce, kuma ni ne tafinta.

Na ce, "Ta ce akwai, Malam. Tun lokacin akwai."

Ya rufe ido. Bayan ɗan lokaci ya faɗi wani abu guda, gajere. Duk suka juyo suna kallona, har Kaltume. Na roƙe shi ya maimaita, bai maimaita ba. Ina da jimla goma masu daɗi a bakina da za su dace da wurin, kowa ya tashi da sanyin rai.

Na ce, "Ban gane ba."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da ita. In ka bi matakan nan wani ya faɗi a ƙofar masallaci, ko a bayan mota, ko a gona, wannan tsakaninka ne da shi da Mahaliccinku, kada a kawo sunana. In furoje ya tsaya, in baƙi suka fasa dawowa, in barci ko abinci suka ƙaurace maka, ba ni na aike ka ba. Ban ce ka yi ba, na faɗi yadda ake yi ne kawai.

Malam Isaka yana nan da rai. Yana shan sabuwar ƙwayar kullum, yana taka ƙafa kaɗan da sanda, kuma kwamiti na zama a rumfarsa duk wata uku. Yana ba ni hannu in na zo. Ban sake tambayarsa abin da ya ce ba, shi ma bai sake faɗa ba.

Mai ƙorafi game da wannan jagora ya kawo shi ofis ranar Laraba da safe, da Hausa ko da Faransanci, duk wanda ya fi masa sauƙi. Baba Zali ne ke fassara.